Takardar Kotun Mijin Inna

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da mijin Inna ya durƙusa gaban Kawu da takarda a hannu ba.

Shekara uku bayan rasuwar Baba, Inna ta auri wani mai walda a nan Zinder. Cikinta yana wata biyar wata maƙwabciya ta raɗa mini cewa mutumin ya taɓa zaman gidan kaso, wai har jini ya zubar. Lokacin ina lise, wato babbar sakandare, kaina yana hayaƙi, gani nake na fi kowa sanin doka. Na garzaya na fesa wa Kawu, yayan Inna. Ya rantse sai ya ɗauke ƙanwarsa ta haihu a gidansa, auren kuma ya ƙare. Inna ta yi ta kuka, don tana son mijinta.

Washegari na tafi kotu neman kaziyensa, takardar da ke nuna hukuncin da aka taɓa yanke wa mutum. Ma'aikacin ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Madmazel, ba a ba kowa ita sai mai ita." Na fito ina cika ina batsewa.

Ashe labari ya kai wa mijin Inna. Ya rufe shago, ya je da ƙafarsa ya sayi tambur, wato kan sarki, ya karɓo takardar. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo gidan Kawu, ya miƙo mini ita ya ce, "Ke ce mai Faransanci. Karanta da ƙarfi, kar ki tsallake komai." Na karanta: shekara biyu, saboda ya ji wa wani rauni a faɗan samari.

Ya durƙusa gaban Kawu ya ce, "Yaya, haka ne, na aikata. Ƙanwarka ta sani tun kafin a ɗaura aure. In kuna tsoro, mu je gaban alƙali in sa hannu a kan duk sharaɗin da kuka gindaya. Amma don Allah kar a raba ni da abin da ke cikin nan."

Kawu ya dube shi ya ce, "Tashi ka hau tabarma." Kunya kamar in nutse.

A gidan mijin Inna aka haifi ƙanwata, shi ya je meri, ofishin magajin gari, ya yanko mata takardar haihuwa. Tun daga nan na gane cewa wanda ya iya amsa laifinsa da bakinsa gaban surukai ya fi ƙarfin mu masu tono a bayan ido.