Layin da Kawu Sinnappan Bai Ja Ba

Duk wanda ya taɓa tuƙi a tsohon garin Ipoh ya bi ta kan aikin Kawu Sinnappan, ko ya sani ko bai sani ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ja wa hukumar gari layi a kan kwalta, fari da rawaya, yana tura amalanken fenti mai zafi a tsakar rana. Ni maƙwabciyarsa ce, katanga ce kawai tsakaninmu, kuma zan iya rantsuwa babu mai taurin kansa a unguwarmu. In ya rage maka hanya ka shiga uku, don babu layin da zai wuce bai kushe shi ba. "Dubi wannan don Allah, kamar an ja da wutsiyar saniya! Yaran yanzu ba su da hannu."

Shekararsa saba'in da huɗu, matarsa ta rasu, yana zaune da 'yarsa Malliga mai aikin jinya. Ta daɗe tana neman hanyar raba shi da tuƙi, ta rasa hujja. Sai wata Talata ya je kasuwa sayen furen da yake kaiwa wurin ibada, ya ajiye 'yar motarsa inda ya saba, ya dawo ya tarar da takardar tara a maƙale a gilashi. Wai ya tsaya a kan layin rawaya.

Malliga ba ta yi faɗa ba. Hannu kawai ta sa a aljihun rigarsa da ke rataye, ta zare makullin motar.

"Baba, kai da ka ƙarar da ƙuruciyarka a kan layi, yau layi ne ba ka gani ba? Gobe kuma ɗan mutane ne ba za ka gani ba."

Gaskiya na ji tausayinsa. Tarar ringgit hamsin ba za ta gagare shi ba, amma in ya biya, ya yarda ke nan idonsa ya tafi, motar kuma sai dai kallo.

Washegari da sassafe ya buga mini ƙofa. "Zaleha, fito da babur ɗinki, aiki ya same ki." Na goya shi har bakin kasuwa. Ga layi kuwa ɓaro-ɓaro, har na fara jin kunya a madadinsa. Shi ko a jikinsa. Ya durƙusa da ƙyar, ya shafa da tafin hannu, ya matsa gaba ya sake shafawa, sai na ji ya saki dariya.

"Taɓa nan. Kin ji kauri da kaushi? Fentin hukuma dafa shi ake yi, a watsa masa garin gilashi don ya yi ƙyalli. A bakin kwatar nan ya ƙare, ni na ja na farko. To taɓa can."

Can ɗin sumul yake. Ya ciro kwabo ya kankara, fentin ya ɓare kamar ɓawon albasa. Ƙarin nan kuwa bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar shagon Loke mai kayan babur, wanda dama ya yi suna wajen jera kujeru a titi don kada a tare masa gaba. Loke ya fito yana goge hannu.

"Kawu, lafiya kake tonon titi?"

"Lafiya lau. Loke, fentin ƙofa ne wannan ko na kujera?"

"Ni ina ruwana? Haka na wayi gari na gan shi."

"Ikon Allah! Ƙofar shagonka ma haka ta wayi gari rawaya? Kai ko zare ba ka ɗaura ba, ka ga yadda ya karkace."

A ofishin hukuma mutane sun yi jerin gwano, kowa da takardarsa, kuma kowa roƙo ɗaya ya kawo shi, a rage masa. Haka muka saba. Yarinyar da ke kan tebur ko ɗago kai ba ta yi ba. "Kawu, za a rage maka rabi, sa hannu a nan."

"Ba ciniki na zo ba, 'yata. Sokewa za a yi."

Ya miƙa mata wasiƙar koke da ya rubuta da hannunsa, da hotunan da na ɗauka a waya, da ambulan mai ɓawon fenti a ciki. Ya ce a tura duk wanda ya san aiki, ya tafi da kwabo ɗaya. Ta dube shi, ta dubi ambulan, ta tashi ta kira babbansu.

Mako biyu ya yi yana hawa bas. Ran nan wasiƙa ta iso: an soke tara. Layin Loke ma an bi shi da baƙin fenti. Ina gidan, na kai musu ayaba, lokacin da Malliga ta gama karantawa ta ɗauko makulli ta ajiye a gabansa. Na zaci zai yi ta cika baki har mu gaji. Sai ya ɗauka ya riƙe, ya daɗe yana juya shi.

"Malliga, wata biyar ke nan ban yi tuƙi bayan faɗuwar rana ba. Kin lura?"

Ta girgiza kai.

"Fitilun motoci suna kashe mini ido. Ba wanda ya hana ni, ni na hana kaina. Ranar da na rana ma ya gagara, da hannuna zan kawo miki. Amma kada ki ƙara sa hannu a aljihuna."

Malliga ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa tana kuka, ni ma sai da na share ido. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ce ta tashi ta wanke fuska, ya kai ta wurin aiki kada ta makara.