Likkafanin Inna

Kawuna masaƙi ne a wani ƙauye gabas da Filinge. Da can noma yake yi da damina, saƙa kuwa sai da rani. Sai wani Alhaji daga Yamai ya fara kawo wa masaƙan garinmu zare, su saƙa masa fari, wato farin ƙyallen saƙi, a ɗinka riguna a kai Turai. Cikin shekaru kaɗan Alhaji ya gina bene ya canza mota, kawu kuwa ya rage gona, rumbunsa ba ya kai shi damina.

Ranar da matarsa ta rasu ina gidan. Inna muke ce mata, ita ta goye ni. Da hantsi mata suka ɗora ruwan wankan gawa, aka aike ni in karɓo likkafani. Ban ma yi tunani ba, na nufi ɗakin saƙa, inda fari ke jibge har kusa da rufi. Na ɗauko ɗaya ke nan kawu ya tare ƙofa.

"Aje shi, ɗiyata. Zaren ba namu ba ne."

Na ce, "Kawu, hannunka fa ya saƙa shi."

"Hannun ne nawa. In anka auna anka ga ya ragu, sai a ce masaƙin ɓarawo ne, a hana wa gari duka aiki."

Na mayar da farin inda na ɗauko shi. Maƙwabta suka haɗa kuɗi, aka yanko wani yadi a shago, mai santsi kamar leda, shara-shara, sai da muka ninka shi biyu kafin ya suturta ta. Ina ɗaurewa ina kuka, rabin kukan na haushi ne.

Ran uku Alhaji ya zo gaisuwa, da buhun shinkafa a bayan mota. Ba mugun mutum ba ne, har ƙwalla ya yi, kuma wannan ya ƙara ƙona mini rai. Ya zauna a tabarma cikin babbar riga fara sol. Na ga kawu ya ƙura wa rigar ido, ya miƙa hannu ya murza bakinta da yatsu biyu.

Ya ce, "Wagga saƙata ce, Alhaji. Inna ta naɗe mini zaren."

Alhaji ya ce ai shi ya sa ta yi kyau.