Layin Farar Ƙasa

Aikina a filin ƙwallon ɗaliban jami'a da ke Villeurbanne, a gefen birnin Lyon, shi ne yankan ciyawa, wankin riguna, da jan layi da farar ƙasa. Malam ne ya samar mani aikin, lokacin da aikin gini ya gama da bayana. Shi mutumin Damagaram ne, ni na wajen Maradi. Ƙwallo ce ta kawo shi Faransa yana saurayi, gwiwa ta ƙare shi, sai ya koma horar da ɗalibai. Sa'ad da na zo ya kusa shekara ashirin a wannan fili. Ba mata, ba 'ya'ya. Ɗakin da yake kwana ma na aikin ne.

Wata Laraba ina tura ɗan amalanken farar ƙasa, ya zo ya tsaya a kaina, ya ce layin ya yi siriri, in sake bi. Na sake bi. Bayan sati biyu ya ce in ƙara. Kafin sanyi ya shigo layina ya kai faɗin tafin hannu biyu, har wani alƙalin wasa ya tambaye ni ko hanyar mota nake zanawa.

Ni ban yi lakkwal ba, wato boko, amma ina da ido. Na ga Malam ya daina karanta takarda a gaban mutane. Na ga yana jira ɗalibi ya yi magana kafin ya kira sunansa. Rannan a ɗakin kaya ya miƙa hannu zai ɗauki usur ɗinsa a kan tebur, hannun ya sauka nesa da shi. Na rufe ƙofa.

Na ce, "Malam, tun yaushe?"

Ya ce likita ya gaya masa jijiyar idon ce ke mutuwa, ba ta dawowa. Kamar ana rage fitila ne, kullum kaɗan.

"In daraktanmu ya ji, na tashi," in ji shi. "In tafi ina, ƙanena? Kai ka faɗa mani."

Ban san inda zai tafi ba. Shi ya sa na yarda in rufa masa asiri.

Ga yadda muka yi. Ranar wasa sai in tsuguna kusa da shi da bokitin ruwa da soso, in riƙa gaya masa abin da ke faruwa da Hausa. Lamba bakwai ya tsere ta hagu. Golanmu ya fito da yawa. Lamba huɗu ya gaji, yana riƙe ƙugu. Duk filin ba mai jin Hausa. Ɗalibai sun ɗauka gunaguni nake yi, har suna kwaikwayona. Ni ƙwallo ba ta dame ni ba, abin da na gani nake faɗa. Shi kuwa daga ƙarar bugun ma ya san wa ya buga. Sai ya daka tsawa da Faransanci, yara su gyara.

Abin da ya fi ba ni tsoro, sai muka riƙa ci. Da ana cin mu, da shekara ta ƙare shiru. Amma muka ci, muka ci, har aka ce za mu je Paris wasan ƙarshe.

Mun sauka a jirgi da hantsi. Wani Alhaji mai shago a unguwar Belleville, wanda ya san Malam tun a gida, ya kira mu cin abinci. Muna shiga ya miƙo hannu, Malam ya wuce hannun yana ta gaisuwa da baki. Alhaji ya mai da hannunsa. Ya lura da yadda nake tura kwanon miya har ya taɓa yatsun Malam. Da zai raka mu bakin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ja ni baya, ya ce a hankali, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce ban gane ba. Ya ce na gane.

A filin Paris layin nasu siriri ne kamar zare. Kuma a ƙofa wani mai takarda ya tsaida ni, ya ce wanda sunansa ba ya ciki ba zai zauna da 'yan wasa ba. Ni mai ciyawa ne, wa zai rubuta ni? Malam ya roƙa, ya ce ni ke ba yara ruwa. Mutumin ya ce suna da masu ruwa. Aka kai ni can tsallake, bayan shingen ƙarfe, cikin ɗaliban Paris da gangunansu.

Har aka tafi hutun rabin lokaci lafiya lau. Malam na tsaye, hannu a aljihu, yana bin wasa da kunne.

Bayan an dawo, lamba huɗu ya yi tsalle, kansa ya haɗu da na wani. Ya faɗi, ya tashi, ya ɗaga hannu wai ba komai. Amma ni na ga tafiyarsa. Yana taka ƙasa kamar wanda ya sauko daga kwalekwale. Duk mai ido da ke kan bencin nan zai fitar da shi. Na kama shingen ina ihu da Hausa, Malam fitar da huɗu, fitar da huɗu. Ganguna suka cinye muryata.

Lamba huɗu ya yi minti kusan goma a haka. Sannan ya durƙusa, ya kife.

Alƙali ya hura usur, fili ya yi tsit. Cikin shirun nan sai muryar Malam kaɗai, yana kiran sunan lamba huɗu, yana ce masa ya matsa ya rufe hagu. Sau biyu ya faɗa. Kowa ya juya yana kallonsa, har darakta. Da ya ji shirun ya yi yawa ya gane akwai abu, sai ya shiga fili da sauri, ya nufi inda babu kowa.

Ɗalibin ya rayu. Ya yi sati uku a asibiti, ya gama karatunsa, amma bai ƙara buga ƙwallo ba. Malam bai jira a kira shi ba, ya kai wa darakta makullan wurin aiki da kansa. Alhajin Belleville ne ya ba shi ɗaki a saman shago. Ni ba wanda ya tambaye ni komai. Mai ciyawa me ya sani? Minti goman nan kuwa har yau ina ɗauke da rabona a ciki.

Sabon mai horarwa, ranar farko, ya ce in mai da layi yadda doka ta ce. Na mayar.

Sau ɗaya Malam ya dawo Lyon, kwasar sauran kayansa. Laraba ce. Ya tsaya a bakin fili da sanda, ya juya fuska wajen ƙarar amalankena, ya tambaya ko yau ban ja layi ba ne.

Na ce na ja, yana tsaye a kai.