Hannuna da Ya Mutu a Filin Kokawa

Ko zan manta komai a duniya, ban da kakar da hannuna na dama ya mutu a filin kokawa a Bukkuyum. Ina saurayi lokacin, jini na tafasa, an gama yankan gero, ga makaɗa suna ta wasa ni. Wani ɗan Anka ya sure ni ya maka da ƙasa, kafaɗa ta yi gabas, wuya ya yi yamma. Na ji kamar wuta ta tsarga mini har yatsu. Da na miƙe, hannun sai reto yake kamar ba nawa ba.

Aka kai ni wurin maɗori. Ya lalube ni tun daga wuya har gwiwar hannu, ya ce babu karaya, babu targaɗe. To a wurinmu in ƙashi lafiya lau kuma hannu ya ƙi motsi, magana ta ƙare: jifa ne. Abokaina har rantsuwa suke sun ga an shafa mini laya a kafaɗa. Ni ma na yarda, don ya fi daɗi a ce asiri ya kayar da kai. Aka sa ranar da wanzami zai tsaga kafaɗar ya ciro abin da aka jefe ni da shi.

Inna ce ta tubure. "Ba mai taɓa min yaro da aska sai likita ya gani," in ji ta. Ta tasa ni gaba har wani asibiti a Gummi, ina ta ƙunƙuni.

Likitan ya ce in rufe ido, ya ɗauki allura yana tsikarar hannun. "Ka ji nan?" Ban ji komai ba. "Nan fa?" Na zabura. Da biro ya zana iyakar inda ba na ji, daga kafaɗa har babban yatsa. Ya ce in lanƙwasa gwiwar hannu, na kasa. Ya ce in matse yatsunsa, na matse har ya ce, "Kai ɗan kokawa, sake ni!" Sai ya ƙwanƙwasa gefen wuyana. Wayyo! Wani zirr ya ratsa hannun kamar lantarki.

"Jijiya ce ta ja," ya gaya wa Inna. "Da alama ba ta tsinke ba. Kar a tsaga, kar a ɗaure tamau. A riƙa motsa hannun kullum, ku dawo in sake gwadawa."

Wata biyu Inna na lanƙwasa mini hannu safe da yamma, ina cin tuwo da hagu kamar marar tarbiyya. Wata safiya ina shan fura, kawai na ga ludayi a bakina, kuma a hannun dama! Na kurma ihu, na shure ƙwaryar, Inna ta fito tana guɗa tana kuka.

Daga ranar na gane rashin sanin ciwo ba abin kunya ba ne. Abin tsoro shi ne ka laƙa masa suna alhali ba ka nemi wanda ya san shi ba.