Wasiƙun Yaya Sule suna cikin adakata

Shekara tara ke nan da muka rufe yayana Sulemana, wanda mutanen unguwar Moshi Zango ta Kumasi suka sani da Malam Sule Injiniya. Duk shekara nakan yi masa sadakar waina, in karanta abin da ya sawwaƙa, in yi shiru. Bana shirun ya ƙi yiwuwa, domin ranar Juma'a mai zuwa 'yarsa za ta sauka Kumasi.

Gidanmu gidan teloli ne. Yaya Sule ne kaɗai ya yi nisa a boko, har gwamnati ta tura shi Cekoslobakiya koyon gyaran injinan saƙa. Ya yi shekara shida ya dawo da takarda, da wata jibgegiyar kwat da ba ta da amfani a zafin Kumasi, da hoton jaririya. Sunanta Hana. Uwarta ta ƙi biyo shi, shi kuma ba a ba shi izinin zama ba.

Da yarinyar ta isa karatu sai ya soma rubuta mata wasiƙa duk wata. Yaren Cek yana zame masa a hankali, shi ya sa ya ƙudura koya mata Turanci, don ranar da za su haɗu su sami bakin magana. Da yake jinin teloli ne, sai ya bi ta tufafi. Kowace wasiƙa da salon magana ɗaya na Turanci a kan sutura, a gefe kuma yadda mutanen Cek suke faɗinsa.

A shagona na unguwar Adum yake zama ya gwada su a kaina, ina taka keke yana surutu. Ya ce in talauci ya zo, Ingilishi da mutumin Cek duk ɗamara suke ƙara tsukewa. In mace ta fi ƙarfin mijinta, dukansu cewa suke ita ke sanye da wandon. Na ce wannan ai ba sai an je Turai ba, ya leƙa gidan kawunmu. In kaya ya zauna wa mutum daidai, Ingilishi ya kwatanta shi da safar hannu, mutumin Cek ya ce kamar narka shi aka yi aka zuba. Wanda ya fi so shi ne na tausayi: Ingilishi yakan ce ka shiga takalmin ɗan'uwanka, mutumin Cek ya ce ka shiga fatarsa. Yakan ce na Cek ya fi gaskiya, don takalmi ana cire shi a bakin ƙofa.

In ya gama sai ya liƙe ambulan ya miƙo mini, tunda gidan waya yana kusa da shagona. Ban taɓa aika ko ɗaya ba.

Mahaifiyarmu ce ta tare ni a zaure da wasiƙar farko a hannuna. Ta ce, "Rabi, in amsa ya zo, yayanki zai tafi. Ya mutu can, wa zai wanke shi? Ba ki kai takardan nan koraa, ko da wasa. In kin kai, ban yafe ba." Shekarata goma sha tara a lokacin, kuma ina tsoron bakin uwa fiye da komai. Na jefa ta cikin adaka, ƙarƙashin zannuwana.

Zan iya ɗora wa Mma laifin shekara huɗu. Sauran bakwai ɗin nawa ne, domin ta rasu, shi bai daina rubutu ba, ni ban daina ɓoyewa ba. In na aika ta yau, yarinya za ta tambayi na jiya. Haka tsoro ya riƙa haifar wani tsoron. Duk ƙarshen wata ya leƙo shago ya ce, "Rabi, ba komai a akwatin gidan waya?" In ce babu, idona a kan allura. Har ya gaji ya ajiye biro, ya ce uwar yarinyar ce ta hana, Allah ya isar masa. Ina zaune ya yi wa baiwar Allah wannan addu'a, na ci gaba da taka kekena.

Ina tunanin me zai ce da ya ga zamanin nan. Abin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana jira, cikin yini ɗaya ya shigo wayar ɗansa Nuhu. Hana ce ta yi ta neman sunan ubanta har ta dace. Turancinta ya fi na Nuhu, ta koye shi ba da hannun kowa a cikinmu ba. Na san da Yaya zai yi dariya, ya ce a kawo masa kwat ɗinsa ya je tarbarta. Abin da ban sani ba shi ne irin kallon da zai yi mini.

Nuhu ya karanta mini saƙonta. Ta ce ba ta zo da rigima ba, kabari take so ta gani, kuma tana da tambaya ɗaya: ko ya taɓa ambaton ta? Uwarta ta rasu tana cewa ya manta da su tun a filin jirgi. Nuhu ya ce, "Goggo, ke kika fi kusa da Baba, ke za ki amsa mata."

Na yi tunanin ƙona wasiƙun. Na ɗauko ashana sau biyu. Amma Yaya bai bar gida ba, bai bar mota ba, kwat ɗin ma asu ya cinye. Abin da ya rage nasa a duniya shi ne abin da ke cikin adakata, kuma ba nawa ba ne. Shi ya sa na rubuta wannan inda Zango duka za ta karanta, don in toshe wa kaina hanyar gudu.

Na ɗaure su da ƙyallen atamfa, wasiƙar takalmi da fata a sama. Ina tsoron ta tsane ni, kuma in ta yi haka ba ta zalunce ni ba. Ranar Juma'a in ta yi tambayarta, ba zan buɗe baki ba. Zan ɗora mata ƙullin a cinya, ubanta ya amsa da kansa.