Jim Kaɗan a Bakin Kanal

Ranar Talata ce, ƙarfe bakwai da kwata na safe, a ranin farko bayan na ajiye aikin koyarwa. Mu biyu ne a bakin kanal ɗin ban-ruwa kusa da Bunkure: ni da maƙwabcina na gona, wanda na girma a shekaru, ya girme ni a noma. Ruwan ranar na layinmu ne. Idan ya wuce, sai wani makon. Dashen albasata kuwa ya fara yaushi.

Ya buɗe bakin fangalina na farko, wato gurbin dashen da kunya ta kewaye, da fartanya, ya ce, "Ka bar shi jim kaɗan, sannan ka toshe, ka juya wa na gaba."

A makarantar mishan da na yi, duk wanda ya ce "jim kaɗan" sai ya faɗi minti nawa yake nufi, kuma a kan haka na hori ɗalibaina. Na dubi agogona.

"Minti nawa ke nan?"

"Hedimasta, ai ƙasar nan ba ta yi boko ba."

Ban yi dariya ba. Da ya koma gonarsa, na yanke wa kowane fangali minti biyar, ba ragi ba ƙari. Kafin ƙarfe tara, na kusa da kanal sun zama tafki, na can ƙarshe, inda yashi ya fi yawa, ko rabi ruwan bai kai ba.

Da ya dawo, bai ambaci agogo ba. Ya fasa kunyar waɗanda suka cika, ruwan ya tsiyaye. Sannan ya sa na tsuguna.

"Dubi kusurwar can. In ruwa ya taɓa ta, kumfa ya daina tashi, jim kaɗan ya cika. A laka gajere ne, a yashi yana da tsawo."

A nan na gane cewa kalmar ba ta sakaci ba ce, kamar yadda na daɗe ina zato. Ma'auni ce, sai dai aikin ne ke cika ta, kuma tana bukatar mutum ya tsaya yana kallo.

Lokacin da aka yanke mini na ruwa ya riga ya ƙare. Ya toshe tasa hanyar, ya sako mini ragowar ruwansa, tumatirinsa ya jira wani makon. Na yi masa godiya a ranar, amma har yau ina ganin ba ta isa ba.

Albasar ta kama, ban da fangali biyu da suka ruɓe.