Filtar da Na Raina a Motar Baba

Lokacin da abin ya faru ina sabon malamin firamare a wani ƙauye kusa da Watari, boko na ɗibata, gani nake babu mai koya mini komai. Mahaifina ya rasu ya bar mana tsohuwar a-kori-kurar da ya daɗe yana kai tumatir Bici da ita. Ni ne babba, makulli ya faɗo hannuna. Ranar da na fara tayar da ita bayan sadakar arba'in, Inna ta fito zaure ta tsaya. Ta ce in dai tana jin ƙarar injin nan da safe, ji take kamar gona maigidanta ya tafi, zai dawo da azahar.

Baba duk juyen mai sai ya sake filtar mai, duk kaka kuma ya sake ta iska. Ni kuwa na ɗauka wayon masu sayar da kayan mota ne. Sai in zare filtar iska, in buga a jikin taya, in hure, in mayar. Da ƙaiƙayin sussuka ya toshe ta mota ta daina ja, sai na cire ta ɗungurungum na jefa bayan kujera. Mota ta saki jiki, ni kuma ina ta yaba wa kaina. Bakaniken Baba ya ce ƙasa nake ɗura wa injin, na ce masa zamani ya canza. Ba a daɗe ba injin ya buga a hanyar burji, aka jawo ta gida da igiya, bakanike ya duba ya ce sai haƙuri.

Inna ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Adakar Baba ta buɗe, ta fito da filtar iska biyu sababbi fil, naɗe cikin tsohon rawaninsa. Kowacce da rubutunsa na ajami, ɗaya ta bana, ɗaya ta baɗi. Ta ce jira take in tambaya. Nan na zauna a ƙasa na yi kuka.

'Yan'uwa, girman kai rawanin tsiya ne. In an bar muku abu, ku tambayi yadda mai shi ya riƙe shi, kada ku raina ƙaramin gyara. Motar tana nan gindin darbejiya, shiru. Har yau Inna takan fito da safe ta share ganyen da ya zuba a kanta.